Pak Deraman, Kafintan Da Ya Ƙi Toshe Ƙofar Baya

"Ba zan toshe ta ba, Encik."

Haka Pak Deraman ya ce wa manajansa shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, yana tsaye a kicin ɗin kakata, Tok Sepiah, a ƙauyenmu da ke bayan Pendang. Maƙwabciyarmu Mak Cik Jah tana shanya a bakin shinge, ta ji komai, kuma ita ta ba ni labarin.

A kan ƙofar baya ake magana. Mahaifina, Hairuddin, yana aiki a Kuala Lumpur lokacin. Ya ɗauko kamfani daga Alor Setar su sabunta wa uwarsa kicin tana can aikin Hajji, don ta dawo ta tarar da abin mamaki. A littafin hotuna ya zaɓi zanen: fararen kabad daga bango zuwa bango, da teburin dutse mai sheƙi, ba wurin ƙofa a tsakani. Pak Deraman ne shugaban kafintocin kamfanin.

Manajan, Encik Badrul, ya ce, "Mai gida ya sa hannu. Kai meye naka?"

"Wanda ya sa hannun bai taɓa dafa ko ruwan zafi a nan ba. Mai kicin tana Makka. A jira ta."

"Ƙofa ce fa, Deraman, ba masallaci ba."

"Dubi dokin ƙofar, Encik. Katakon cengal ne, ƙusa ma da ƙyar take shigarsa, amma ga shi ya lotsa a tsakiya. Ƙafafu ne suka cinye shi. Ni dai sai na san ƙafafun su waye."

"To je ka tambaye su. In ka gama, ka zarce gida gaba ɗaya."

Ya ɗaure zartonsa da gudumarsa a bayan babur ya tafi. Washegari wani ya zo ya jera bulo.

A wannan watan da muke ciki Pak Deraman yake ajiye kayan aiki, yana da shekara sittin da tara, don hannunsa na dama ya fara rawa. Ba wanda zai shirya masa walima, ba kuma jaridar da za ta buga hotonsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya san Pendang ya san safiyarsa. In ya fito daga sallar asuba sai ya tsaya rumfar mai shayi ya sha baƙin kofi, ya hau tsohon baburinsa, ya bi tsakanin gonakin shinkafa zuwa gidan da aka kira shi. Ranar farko ba ya fito da tef ɗin awo. Zama yake a ƙasa, a kusurwa, ya ce wa matar gidan ta dafa abincin rana yadda ta saba, kamar ba kowa. Alli ne kawai a hannunsa. Inda ta tsaya ta wanke shinkafa, ya yi alama a daɓe. Inda ta durƙusa da turmi, ya yi alama. In ta yi ɗage don ta ɗauko gishiri, ko ta dafa ƙugu bayan ta sunkuya, duk yana gani. Da azahar daɓen ya cika da farin zane kamar yara sun yi wasa. Sai ya wanke hannu ya ci abincin, ya ce sai gobe.

Matan garin suna kiransa kafinta mai fara ci kafin aiki. Matarsa, Mak Cik Rokiah, cewa take, "Ni ai matan Pendang sun raba ni da girkin rana. In ya dawo ya ce miyar wance ta fi tawa, sai in ce to gobe ka kwashe kayanka ka koma can."

Bari in koma ga kakata. Ta dawo daga Makka, aka rufe mata ido aka kai ta kicin. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wa mahaifina, "Na gode, Din. Asibitin ya yi kyau. Ina likitan?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya koma Kuala Lumpur da farin ciki.

Rana ta uku ta ɗora turminta na dutse kan teburin nan mai sheƙi za ta daka barkono, tebur ya tsage. Hayaƙin suya ya mai da fararen kabad ruwan ƙasa kafin wata biyu. Duk wannan bai dame ta ba kamar shirun da ya shigo gidan. Ta ƙofar baya mata suke shigowa, da ɗaurin ƙirji, da ganyen miya a hannu, wata ta zo aron kwakwa ta zauna har la'asar. Ƙofar gaba ta baƙi ce. Kafin mace ta bi ta nan sai ta sa riga da mayafi, ta ratsa maza a baranda, ta gaisa, a kawo mata shayi a kofin baƙi. Wa zai yi duk wannan saboda albasa biyu? Suka koma zuwa sau ɗaya a mako, daga baya sai ranar suna ko rasuwa.

Tok ta kwashe murhun gas ɗinta ta kai gindin bishiyar da ke bayan gida, inda maƙwabta za su hango ta. Kullum sai ta zagaye gidan gaba ɗaya da tukwane. Da damina ta zo, ta zame a taɓo da tukunyar miya a hannu. Daga kwance ta aika a kira mata Pak Deraman, wanda ya yi wata takwas ba aiki.

Ta ce, "Man, an ce saboda ƙofata aka kore ka."

"Saboda bakina ne, Tok. Ƙofarki ba ta ce komai ba."

"To bakin naka ya iya fasa bulo?"

"Guduma ta fi shi iyawa. Amma sai kin warke kin dafa mini abinci na gani."

Ya jira ta mako uku. Sannan ya fasa bangon. Tsohon ƙyauren ma an same shi, Mak Cik Jah ta rufe akurkin kajinta da shi, ta ce ta san za a nema. Ya wanke shi ya mayar. Ya kafa gungume tun daga ƙasa ya ɗago shi daidai gwiwa, don turmi ya zauna a kai a yi daka gida bai girgiza ba. Ya auna tebur da gwiwar hannun Tok, ba da tef ba. Ya cire ƙofofin kabad ya bar kanta a buɗe, ya faɗaɗa taga saitin murhu. A bakin ƙofa ya kafa benci, ya ce na mutum uku ne, in ta huɗu ta zo ta kawo kujerarta, gulma ma tana da iyaka.

A kicin ɗin nan na girma duk hutun makaranta. Har yanzu ina jin ƙamshin katako da ya sha hayaƙi, da sautin turmi, da muryoyin mata uku a kan benci suna gyaran kifi suna gyaran auren mutane. Shekara goma sha huɗu Tok ta ƙara yi a cikinsa, ba ta ci abincin rana ita kaɗai ba ko sau ɗaya.

Daga gidanmu labari ya bazu. Gidaje da yawa a yankinmu sun sha irin gyaran da muka sha, ’ya’ya na birni sun yi wa iyaye kyauta sun tafi. Pak Deraman ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da idon Mak Cik Jah ya mutu, ’ya’yanta suka ce ta daina girki. Shi ya je ya zauna ya kalle ta tana lalube, ya sassaƙa tsaga a bakin kanta: ɗaya wurin gishiri, biyu wurin sukari, uku wurin barkono. Har yau ita take dafa wa kanta, kuma ta ce duk wanda ya matsar mata da kwalba Allah ya isa.

Na yi shekara huɗu a jami’a ina karatun tsara cikin gida. A shekarar ƙarshe aka fara koya mana abin da suka kira sabon salo. Wai duniya ta gaji da farin kicin mai sanyi kamar ɗakin tiyata, yanzu katako ake so, da kanta a buɗe, da wurin zama, da tsarin da ya bi yadda mai girki take motsi. Aka nuna mana hotuna daga ƙasashen turai, aka ba abin sunaye masu daɗi. Na ce wa malamin akwai wani a Pendang da ya yi shekara ashirin yana yin haka da alli. Ya tambaye ni a wace mujalla aka buga aikinsa.

Pak Deraman, kai ne ka ga lotsawar dokin ƙofa ka san mutane ne. Kai ne ka ɗauki matar da ke tsaye gaban murhu a matsayin mai wurin, a lokacin da kowa yake kallon wanda ya sa hannu a takarda. Mai alli, mai haƙurin zama. Ba ka taɓa cewa kakata ta koyi zama da kicin ba, kicin ka koya wa zama da ita.

Mahaifina ne ya buga wa kamfanin waya a ranar da aka kori Pak Deraman, ya ce a cire masa kafintan nan mai taurin kai. Na karanta masa wannan rubutu kafin in fitar. Da na gama, ya ce, "Kada ki cire sunana."

Na gode, Pak Deraman, a madadin Tok, Allah ya ji ƙanta, da duk matan da ka mayar wa ƙofofinsu. Ku kuma abokan karatuna da ke zana kicin a kwamfuta, ku je ku zauna a ƙasa wuni ɗaya ku ci abincin gidan kafin ku ja layi. Amma kada in yaudare ku cewa abin kyauta ne.

Makon jiya na tambayi Pak Deraman ko ya taɓa nadama. Ya buɗe baki zai amsa, Mak Cik Rokiah ta riga shi.

"Ni za ki tambaya, Adibah. Shi ya ce wa manaja a’a, mu muka ɗauki nauyin."

Bayan korar, manajan ya gaya wa ’yan kwangilar Alor Setar cewa mutumin ba ya bin umarni, ba wanda ya sake ɗaukarsa. Suka bar gidan ma’aikata suka koma ɗakin haya a bayan injin casar shinkafa. Ba shi da fansho. Babbar ’yarsu, Salbiah, ta samu gurbi a makarantar koyon jinya a shekarar, ba ta je ba don babu kuɗi. Yau tana da shekara talatin da tara, tana sayar da laksa, taliya da miyar kifi, a bakin titin Pendang.