Maganin Auta a Ganyen Goro

Ranar da aka ce autata tana da ciwon suga, malamar asibiti ta zaunar da ni. Ta ce akwai wani ruwa da jiki ke yi, insulin, shi ke mayar da abinci ƙarfi, na autata kuwa ya daina zuwa. Ta miƙo mini 'yar kwalbar allura, ta ce, "Mama, in zafi ya taɓa ta, ta lalace."

Na dawo gidanmu a unguwar Sabo. Ba mu da firji, na maƙwabta kuma sai ranar da aka kawo wuta.

Maigidana ya saurare ni har na gama. Tun yana saurayi yake fataucin goro. Ya ce, "Haba Hajiya, goro ma ba ya son zafi. Kin taɓa ganin nawa ya bushe?" Ya ƙulle kwalbar a leda, ya naɗe ta da ɗanyen ganyen goro, ya sa a tukunyar ƙasa, ya yayyafa ruwa.

Da na gaya wa malamar, ta yi dariya, ta ce hakan ya yi. Har yau kullum da safe tukunyar yake fara dubawa, sannan goronsa.