Zaren da Hannu Huɗu Suka Ɗaura

Girdhari mai gyaran laima ne. Shagonsa na jikin rumfar shayina, yana kallon tashar bas, kuma tun da na san shi kujerarsa ba ta taɓa juya wa titi baya ba.

Yaran yanzu ta waya suka san shi. Duk lokacin Holi, bikin 'yan Hindu, ko Sallah sai wani tsohon gajeren fim ya sake zagayawa: yara biyu, ɗaya da jan ɗigon 'yan Hindu a goshi, ɗaya da farar hula, suna ɗaura zare a tagar hubbaren waliyyin garinmu. Mai ɗigon shi ne Girdhari. Mai hular Tufail ne, ɗan Zaibun mai rini. Katanga ɗaya ta raba gidajensu.

A hubbaren ba a tambayar mutum addininsa. Ka ɗaura zare ka roƙi buƙatarka, in ta biya ka dawo ka kwance. Wani ɗalibi ne ya zo daga birni da kyamara ya ɗauki fim ɗin, ya ce wa yaran su yi kamar suna addu'a. Su kuwa ba su iya wasa da addu'a ba. A lokacin Zaibun na kwance, zazzaɓi ya hana ta ko kurɓar ruwa, don haka suka roƙa mata da gaske. A fim ɗin kiɗa ya rufe muryoyinsu, amma Girdhari ya ce min abin da Tufail ke faɗi a wurin shi ne, "Riƙe da kyau, ɗan malalaci, kar ya suɓuce Inna ta mutu."

Zaibun ta warke. Suka ce za su je kwancewa bayan damina. Sai shekarar rikicin addinin nan ta zo, wadda mu tsofaffi ba ma son ambatonta. Wata safiya aka ga ƙofar masu rini a buɗe, tukwane a kife, ba kowa.

Girdhari ya girma, ya gaji shagon ubansa, ya aurar da 'ya'ya. Zaren dai yana can. Matarsa Sumitra takan tsokane shi in ta kawo masa abinci.

"Je ka kwance zaren nan ka huta. Waliyyin ma ya gaji da jiranka."

"Hannu huɗu suka ɗaura."

"To ga nawa biyu, na ara maka."

"Naki na murza gurasa ne."

"Ka ji shi! Gurasar da ta tsayar da kai."

Sumitra ta rasu, shi yana nan yana duban masu saukowa daga bas. In samari suka miƙo masa waya ya ga kansa, sai ya ce idonsa ba ya gani sosai. Allura kuwa yana zura mata zare ba gilashi.

Bara, da farkon ruwa, wata mata mai baƙin mayafi ta sauko ta tsaya a bakin shagonsa. Ba ta riƙe da laima.

"Baffa, kai ne Girdhari? Ni ce Rukhsar, 'yar Tufail."

Ya leƙa bayanta ko zai ga Tufail. Ta sunkuyar da kai, shi ma ya daina leƙawa.

Ta ce Abbanta, Allah ya jiƙansa, ya daɗe da barin zuwa hubbare, yana cewa ɗaura zare ba addini ba ne, har ya hana su. Amma da ciwo ya tsananta sai ya kira ta ya ce akwai ɗaya da ba a kwance ba, kuma ya san wancan mai taurin kan ba zai taɓa shi shi kaɗai ba.

"Haka ya kira ni?" in ji Girdhari.

"Haka, Baffa."

"Ya san ni."

Na raka su. Tagar ta cika da zare, sabo a kan tsoho, ba mai iya gane nasa. Mai kula da wurin ya ce kowanne aka kwance ya wadatar, haka ake yi tun kakanni. Girdhari ya daɗe yana dubawa ta ƙasa, daidai tsayin yaro. Ya zaɓi wani da launinsa ya koɗe. Ya riƙe, ta warware. Ta yi tata addu'ar, ya yi tasa.

Ta bi motar yamma ta koma. Ya ba ta laima, ta so ta ƙi, ya ce ta mahaifinta ce.

Washegari na kai masa shayi na tarar ya juya kujerar tana kallon bango. Ya ce hasken titi ke damun idonsa. Na ajiye kofin na koma rumfata.