Sunan da ke Ƙarshen Cigiyar Baba Namadi

Kowace ranar kasuwa, kafin masu albasa su gama sauke buhuna, Baba Namadi ya riga ya zauna gindin iccen dogon yaro, kusa da rumfar masu nono a Badagishiri. Yakan kurɓi ruwan ɗumi da citta saboda maƙogwaro, ya jira. Mutane su riƙa zuwa: wanda makullinsa ya faɗi, wadda akuyarta ta tsinke igiya. Shi ne mai cigiya. Tun ina ƙarama nake jin muryarsa, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta wani abu don jama'a su karanta, in na yi tuntuɓe a yi mini uzuri.

Ba ya karɓar cigiya haka kawai. Sai ya tambayi alama, ya sake tambaya, har ya samu abin da kunne zai riƙe. Daga nan ya jera kayan a ransa, ƙarami a gaba, babba a baya, mai rai a ƙarshe. Sai ya miƙe ya ratsa kasuwa:

"Jama'a, ana cigiya!
Makullin ofis, da igiya shuɗiya.
Takalmin hagu, na yarinya.
Ƙwaryar nono, ɗinki biyu a baki.
Jaki mai tsagaggen kunne, ba shi tahiya sai an zage shi."

A yi ta dariya, amma kafin la'asar kowa ya haddace. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ya shiga cigiya ba ya fita sai mai shi ya zo da bakinsa ya ce an gani.

A shekarar yunwa, 2005, wani saurayi Bafillace mai suna Buba ya kora shanun gidansu ya yi kudu neman ciyawa. Damina ta zo ta wuce, bai dawo ba. Uwarsa Altine, mai sayar da nono a rumfar nan, ta zo ta tsuguna gaban Baba Namadi, ta daɗe tana wasa da maburgi a hannu.

"Mi ya ɓace, Altine?"

"Wancan da yat tahi da shanu."

"Wa ke nan? Ba shi da suna?"

Ta sunkuyar da kai. Buba ɗan fari ne, kuma Bafillata ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Baba Namadi ya gane. Bai sake tambayarta ba, ya je wurin maƙwabciyar rumfarta ya samo suna da alama. Daga ranar, cigiyarsa ta samu sabon ƙarshe:

"Buba ɗan Altine, dogo, mai tabo a gira. Uwarshi na nan rumfar nono."

Duk sa'ad da ya zo kan wannan, Altine ba ta ɗaga kai. Hannunta dai kan tsaya cikin ƙwarya har ya wuce.

Makulli ya fita, jaki ya fita, wasu suka shiga suka fita, Buba yana nan. Mahauta suka fara tsokana: "Baba, kai dai ka samu amshi! Mutum ai ba takalmi ba ne, da yana so da ya zo." Ya ce musu, "Ku ji da ƙudajenku." Da aka shiga shekara ta uku, ƙanen mijin Altine ya same shi a gefe. Dangi sun yanke za a yi sadakar mamaci, amma Altine ta ce ba a yi wa wanda ake cigiya sadaka.

"Ka cire shi, Namadi, kowa ya huta."

"Kai kas sa shi?"

"A'a."

"To wadda tas sa, ita ka cirewa."

Kai ne, Baba, ka zama bakin uwar da kunya ta hana ta kiran ɗanta. Bango madafar bayi! A lokacin muryarka ta fara disashewa, likita ya ce ka bar ihu ko ka rasa ta gaba ɗaya. Ka ce za ka aje aiki bayan kaka. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: ranar da ka yi shiru, ranar za a dama furar sadaka. Altine ma ta sani. Ta riƙa aiko maka da zuma ba tare da ta faɗi dalili ba.

Akwai wani direban kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, mai suna Mutari, da ke bi ta Badagishiri daga Malbaza zuwa Tawa. Sarkin kwaikwayo ne. Wata safiya a teburin mai shayi a tashar Ƙonni, can bakin iyaka, ya toshe hanci ya kwaikwayi cigiyar Baba tun daga makulli, don ya ba mutane dariya. Da yake jerin ya zauna masa a ka kamar waƙa, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Wani ɗan kabu-kabu da ke ƙetara iyaka kullum ya aje kofinsa.

"Maimaita na ƙarshen. Dogo mai tabo a gira? Ai shi ka ba shanun mutane ruwa a kara, kasuwar shanun can ƙetare."

Mutari ya bar kamiyo ya hau bayan babur. Ya tarar da Buba da guga a hannu. Shanun sun mutu a hanya tun shekarar farko, kunya ta hana shi komawa gida hannu Rabbana. Mutari bai yi masa wa'azi ba. Ya karanta masa cigiyar kawai, wannan karon ba toshe hanci.

Buba ya ce, "Shanun aka cigiya?"

"Ka ji an ambaci saniya a ciki?"

Ranar kasuwar da Baba ya sa zai yi ta ƙarshe, kamiyon Mutari ya tsaya bakin hanya. Baba Namadi yana tsakiyar cigiya, murya kamar ana jan kara a ƙasa. Ya ga dogon da ya sauko, ya ga tabon. Bai katse ba, ya bi jerinsa daki-daki har ya iso rumfar nono, ya kira sunan kamar kullum, ya tsaya.

Buba ya tsuguna nesa kaɗan da uwarsa. Altine ba ta dube shi ba. Ta dama fura, ta tura ƙwaryar gefen da yake, idonta a kan Baba Namadi.

"An gani," ta ce.

Baba ya juya ga jama'a, ya tattaro abin da ya rage masa na murya: "Buba ɗan Altine, an gani!"

Yanzu wani ne ke cigiya da lasifika, Baba kuma yana zaune gindin dogon yaronsa, magana sai da raɗa. Mun gode, Baba Namadi. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Mu kuma da aka ba wa amanar wani abu, komai ƙanƙantarsa, mu riƙe shi yadda ka riƙe sunan nan, har mai shi ya zo ya ce an gani.