Kwano Na Talatin Da Ɗaya

A kicin ɗin asibitin nan Inna kawai ake ce mata, daga masu wankin tukwane har manyan likitoci, ita ma ta daɗe da daina waiwaye in an kira wani sunan. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, bayan hannayenta duk tabon tururi. Tana da faɗa, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai faɗan Inna irin wanda in ta gama wanke ka tas za ta tambaye ka ko ka karya ne.

Shekara ashirin da shida ke nan da ta shigo wurin. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, aka tausaya aka ba ta wankin kwanuka. Makaranta aji uku ta yi ta tsaya, har yau haruffa sai ta bi su da yatsa, amma lambobi ba sa yi mata gardama. Daga wanki ta koma yankan albasa, daga nan ta kama ludayi, har aka damƙa mata teburin da kowa ke gudu, na abincin marasa lafiyar da likita ya kafa wa doka.

Dokokin uku ne. Akwai waɗanda aka hana gishiri, akwai waɗanda aka hana suga, akwai kuma waɗanda sai abinci mai laushi saboda ba sa iya tauna. Kowace safiya nas-nas na aiko da takarda uku, kowace da lambobin gadaje. Da ciwo yana bin layi, da aikin ya yi sauƙi, amma mutum ɗaya sai ya kwaso biyu. A shekarar Inna ta farko a teburin aka kai wa wata baiwar Allah kwano biyu, don lambarta ta fito a takarda biyu: ɗaya ba gishiri amma da suga, ɗaya ba suga amma da gishiri. Matar ta ga arziki ta cinye duka, aka sha da ƙyar. Babu wanda ya ɗora wa Inna laifi, ita ce dai ta kasa yafe wa kanta.

Washegari ta zo da zobban tsofaffin rariya guda uku da ragarsu ta mutu, ta shimfiɗa su a kan teburin ƙarfe, kowane ya ɗan hau kan 'yan uwansa. Ta tara marafan kwalba, ta sa 'yarta ta rubuta lambobin gadaje a cikinsu da jan farce. Zobe ɗaya na marasa gishiri, ɗaya na marasa suga, ɗaya na masu laushi. Wanda doka biyu ta hau kansa, marfinsa yana zama inda zobe biyu suka haɗu. Gado ɗaya marfi ɗaya, saboda haka ba ta da hanyar ƙirga mutum sau biyu ko da ta so. Daga ranar ba a sake kai kwanon wani wurin wani ba.

Dogo, mai juya babbar tukunya, wanda suka tsufa tare a cikin hayaƙin nan, ya ce Inna ta buɗe gidan duba. In ya ga ta sunkuya tana jera marafai sai ya miƙo tafin hannu ya ce a duba masa ko zai yi ƙiba. Ita kuma ta ce ta duba, ba zai yi ba, ya koma kan tukunyarsa kafin ta kama.

Ana nan sai aka kawo sabuwar ma'aikaciya, wadda ta yi karatun abincin marasa lafiya, ga kwamfuta a jaka, ga farar riga ko ɗigon mai babu. 'Yan kicin suka sa mata Malama. Yarinya ce mai ladabi, tana rusunawa in za ta gaida Inna, wannan ya sa Inna ta rasa ta inda za ta ƙi ta. Ranar farko Malama ta haɗa lambobin takardun uku ta ce a zuba kwano arba'in da wani abu. Inna ta nuna mata cewa wasu gadajen sun fito sau biyu. Malama ta ji kunya, ta koma ofis, kafin azahar ta dawo da gyara: a haɗa jerin uku, sannan a cire waɗanda suka maimaitu. Mako biyu cur lissafin takarda da na zobba suna faɗawa wuri ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Wannan dacewar ce ta jawo wa Inna. Manajan kicin, mutumin da bai taɓa ƙona yatsa a tukunya ba, ya ga tunda takarda na ba da amsa, marafan kwalba a kan teburin asibiti abin kunya ne in baƙi suka shigo. Ya kira Inna ya gaya mata, cikin lallashi, cewa ƙarshen wata Malama za ta karɓi ƙirga da rabo, ita kuma za a sauƙaƙa mata, a mayar da ita wajen wanki ta kula da masu aikin can har ta yi ritaya. Inna ta ce to. Ta fito ta tsaya a bakin famfo tana wanke hannun da ba shi da datti, ranta ya yi mugun ɓaci. Ba nauyin aikin take so ba, teburin nan ne kaɗai wurin da ta san ta fi kowa iyawa a duniya.

Saura kwana goma wata ya ƙare aka kwantar da wani a gado na sha tara. Lambarsa ta fito a takardu duka uku. Inna ta ɗauki marfinsa ta ajiye a ɗan lungun tsakiya inda zobba ukun suka haɗu, wurin da kan yi shekara babu kowa. Ta ƙirga, talatin da ɗaya. Takardar Malama ta sauko, talatin.

Inna ta sake ƙirgawa, ta kuma sakewa, sannan ta zuba talatin da ɗaya. Washegari an sallami wasu an kwantar da wasu, lambobin suka canza, amma nata ya ɗara na takarda da ɗaya. Rana ta uku ma haka. Manaja ya ga kwano ɗaya na fita ba bisa takarda ba, ya kaɗa kai ya ce ga irin abin da yake faɗa, tsufa ba ya sallama. Malama ta duba lissafinta sau biyar ba ta ga kuskure ba, ta fara kallon Inna da tausayi, wanda ya fi wa Inna zagi ciwo.

Dogo ne ya ja ta bayan sito. Ya ce ta bar su da takardarsu rana ɗaya tak. Ta zuba talatin kamar yadda aka rubuta, kwano ya yi ƙasa, nas-nas su sauko da masifa, Manaja ya san wanda ke riƙe da kicin ɗin.

"In kika gyara musu, kin gama da kanki," in ji shi. "Takardar za ta daidaita, su ce ba sa buƙatarki."

Inna ta san gaskiya ya faɗa, kuma shawarar ta yi mata daɗi, ba za a ce ba ta yi ba. Ta wuni tana juya ta. Har ta ga fuskar Manaja a ranta, yana sosa ƙeya. Amma duk inda ta bi da tunanin sai ta tarar da mutum a kwance, an raba wa na dama da na hagu, shi yana kallon ƙofa. Ko kuma a rasa nasa a ba shi na kowa da kowa, mai gishiri, mai tauri. Ba ta san shi ba, namiji ne ko mace ma ba ta tambaya ba. Da safe ta ce wa Dogo mutum ba ya kwana da yunwa don ita ta riƙe tebur. Dogo ya ce dama ya sani, ya dai faɗa ne don kada a ce bai faɗa ba.

Ta jira Manaja ya fita, don ba ta son a kunyata yarinyar a gabansa, sannan ta kira Malama bakin tebur. Ta ce ta karanto mata lissafin a hankali, kamar tana koya wa jikarta. Ranar lambobin sun dawo daidai da na ranar da aka kwantar da mai gado na sha tara. Marasa gishiri sha takwas, marasa suga sha huɗu, masu laushi tara, jimla arba'in da ɗaya. Masu dokar gishiri da suga shida, masu gishiri da laushi uku, masu suga da laushi biyu, sha ɗaya ke nan. A cire sha ɗaya daga arba'in da ɗaya, saura talatin. Malama ta ɗago ta ce wallahi ba ta ga inda ya karkace ba.

Inna ma ba ta san yadda ake faɗarsa da bakin makaranta ba. Ta dai ɗauko marfin tsakiya ta danƙa a tafin yarinyar.

"Riƙe wannan, 'yata. Manta da sauran. Shi kaɗai za ki bi. Da kika haɗa, sau nawa ya shiga?"

Malama ta duba takardun. Ta ce sau uku, don yana cikin kowanne jeri.

"Da kika cire fa?"

Malama ta bi da biro. Yana cikin shidan nan, yana cikin ukun, yana cikin biyun. Biron ya tsaya. Ta kalli marfin da ke hannunta ta ce, da ƙaramar murya, "Na sa shi sau uku, na cire shi sau uku. Inna, na shafe shi gaba ɗaya." Sai idanunta suka kawo ruwa, ta ce ai an koya musu wannan a makaranta, cewa na tsakiya sai an mayar da shi, har ta ci tambayar a jarrabawa, amma ba ta taɓa tunanin mutum ne mai ciki ba. Inna ta ce ta share fuskarta kada Dogo ya samu abin tsokana, kuma ai mutumin bai rasa abinci ko sau ɗaya ba.

Malama ba ta ɓoye ba. Da ƙafarta ta je ta gaya wa Manaja kuskuren nata ne, Inna ce ke da gaskiya tun ranar farko. Manaja ya yaba, ya ce madalla, a gyara a kwamfuta. Aka gyara, takarda ta daidaita, kuma abin da Dogo ya hango bai kuskure ba: tunda yanzu lissafin ba ya ƙarya, maganar ƙarshen wata tana nan. Malama ta yi ta kai da komowa a ofis har ta samo abu ɗaya, cewa ba za a mayar da Inna wanki ba, za ta ci gaba da dafa abincin masu doka. Teburin dai ya tafi. Inna ta yi godiya, da ta je gida ta yi kukanta a ɗaki inda surukarta ba za ta ji ba.

Ranar ƙarshe, da aka gama jera abincin rana a keken turawa, Malama ta zare kwanon gado na sha tara ta miƙa wa Inna, ta ce yau Inna ce za ta kai da kanta. Inna ta ce 'yan kicin ba sa hawa sama. Malama ta ce ta riga ta nemi izini. Haka Inna ta canza gyale, ta hau matakala tana haki, tana ƙirga lambobin da ta shekara ashirin tana juyawa a kan tebur, yau ga su da ƙafafu da barguna.

A gado na sha tara ta tarar da wani tsoho siriri, baki duk ya lotsa, idanu kuwa tar. Ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki, ta buɗe kwanon ta gyara masa matashi. Ya kai cokali ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Baiwar Allah, ke kina aiki a ƙasan nan?"

Ta ce e, Baba.

"To don Allah ki gaya wa mai dafa wannan ta ji tsoron Allah. Kwana goma ke nan. Ba gishiri, ba zaƙi, ba abin taunawa. Ko laifi na yi mata?"

Inna ta danne dariya ta ce za ta gaya mata. Ya ce ta gaya mata da kyau. Ya ci gaba da ci yana mita, yana ba ta labarin irin cin da ya yi a zamaninsa, ita kuma ta ja kujera ta zauna, tana jin wani sanyi a ranta da ba ta ji ba duk watan. Ba ta tashi ba sai da ya kankare gindin kwanon.

Da ta sauko, Dogo na jiranta da ludayi a hannu. Ya tambaye ta to, ta ga mutumin da ta sayar da teburinta dominsa, me ya ce?

"Ya ce in ji tsoron Allah," in ji Inna. Ta ajiye kwanon a gabansa, ba ko loma ɗaya a ciki, ta ɗaura ɗan zanen aikinta ta ce ya matsa mata, akwai na dare da za a ɗora.