Mai Atamfar da Aka Kawo a Ɗaure

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Alhaji Sabo an ɗaure shi da rawaninsa ba. Ana tsakiyar damina, ni kuma ina majo, wato shugabar masu jinya, a sashen gaggawa.

Mai sayar da atamfa ne a unguwar Amriguébé ta garinmu, inda Larabci ne harshen yau da kullum, mutumin da aka sani da sanyin hali. Sai ga shi yana ta ashar, yana cewa ana ƙona gashi a ɗakin, ko matarsa Hajiya Rabi bai gane ba. Wansa, Alhaji Bala, ya ce mini da Larabci, "Majnun ne. An yi ruƙiyya, ba sauƙi. Ina ɓangaren masu taɓin hankali?"

A ƙa'idarmu, duk wanda hankalinsa ya juye farat ɗaya, zafin jikinsa ake fara aunawa. Na auna, jikin zafi rau. Hajiya Rabi ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, ba ta jin Larabci, don haka ba wanda ya tambaye ta komai. Na ja ta gefe, na yi mata magana da Hausa.

"Hajiya, kafin zage-zagen, me kika gani?"

"Ciwon kai da zazzaɓi. Jiya kuma hannunsa na dama ya yi ta fizga."

Na sanar da likita. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Likitan ya ce yana zargin ƙwayar cutar bairos ce ta kumbura ƙwaƙwalwar: a fara maganin asiklobir ta ƙarin ruwa nan take, a kuma ɗebi ruwan ƙashin baya a gwada.

Alhaji Bala ya tubure, wai allurar baya gurgunta mutum take yi.

Na ce, "Alhaji, na tsufa ina riƙe mutane ana yi musu ita, da ƙafarsu suke komawa gida. Jinkiri ne zai cinye masa ƙwaƙwalwa."

Bai sauko ba. Na fassara wa Hajiya Rabi komai. Ta durƙusa gaban Alhaji Bala ta ce, "Yaya, ka yarda a yi. Ni zan riƙe shi."

Sai ya gyaɗa kai.

Gwajin ya goyi bayan likita. A mako na biyu Alhaji Sabo ya kira matarsa da sunanta, ya tambaye ta wa ke tsaron shago. Ya koma kasuwa, sai dai mantuwa ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Ita ke tuna masa sunayen abokan ciniki.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu: idan aka ce mutum ya haukace jiya-jiyan nan, ku fara taɓa goshinsa. Sannan ku nemi wanda ya yi shiru a cikin 'yan rakiya, ku yi masa magana da harshensa. Sau da yawa labarin ciwon yana bakinsa.