Mun Zauna Jiran Yaya Habu Ya Yi Ƙarfi

Shekarar da ruwa ya kwantar mana da gero a Giade, ita ce shekarar da Yaya Habu ya rasu. Bana shekara bakwai ke nan, kuma har yau idan na tuna sai zama ya gagare ni.

An yi masa aikin hanji a wani asibiti a Azare. Bayan aikin cikinsa ya ƙi karɓar komai. Ko kunun da matarsa ke ba shi a ɓoye, cokali biyu sai ya dawo. Mu kuwa hankalinmu kwance, don ga ledar ƙarin ruwa rataye tana ɗiga. Duk mai zuwa dubiya sai ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ana ƙara masa ruwa."

Rana ta shida likita ta ja ni gefe. "Malam Isa, wannan ruwa ne da gishiri da ɗan sukari, ba ya riƙe mutum. Ku kai shi babban asibiti a Kano, can akwai masu ba da abinci ta jijiya."

Na kai maganar gaban Baffa, ƙanin mahaifinmu. Ya ce, "Mutumin da ko zama ba ya iyawa? A bari ya ɗan yi ƙarfi tukuna." Ban taɓa yi wa Baffa musu ba. Yaya ma dariya ya yi: "Kai Isa, Kano da waɗannan ƙafafun? Sai dai ka goya ni."

Muka zauna jiran ƙarfi, alhali kullum ƙarfin tafiya yake yi.

Yanzu ina ajin yaƙi da jahilci, da hannuna nake rubuta wannan, a hankali. Da Yaya zai gan ni da fensir da furfura, da ya tsokane ni. Amma me zai ce idan ya ga har yau mutanenmu leda suke kallo, ba majinyaci ba? Ni dai tun daga kansa, duk dubiyar da na je sai na tambaya, "Kwana nawa rabonsa da abinci? Me likita ya ce?" Wasu na jin haushina. Su ji.

Kwana tara muka jira bayan maganar likita. A na goma muka ɗauki mota, ya cika kafin mu isa Kano. Shekararsa arba'in da shida. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, ƙaramar ba ta san fuskarsa ba.