Takalmin taya mai maɓalli da ƙaryar da na yi muku

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu turo saƙon gaisuwa, duk na gani, kunya ce ta hana ni amsawa.

Bari in fara da gyara wata magana. Ba mai keke ne ya buge ni ba. Ni na faɗi haka, kuka yi ta yi wa masu keken Minna Allah ya isa, ina kwance ina karantawa. Ƙarya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai jan ƙungiyar masu gudu da takalmin taya da kuke gani a hanyar Tagwai ranar Asabar da yamma. Duk sabon shiga, ɗaurin igiya nake fara koya masa: ya ja ta tun daga yatsu har idon sawu, sai dunduniya ta zauna daram. Har faɗa nake yi wa mutane a kan haka.

To amma igiya akwai cin lokaci. La'asar na riskar mu a tsakiyar gudu, ka kwance, ka yi alwala, ka yi salla, ka sake zama kana zare-zare. Ga tumbi ya fara leƙowa, sunkuyo ya zama aiki.

Sai na ci karo da wani takalmin a gwanjo, mai maɓalli ɗaya. Ka zura ƙafa, ka danna, ƙwas, ka miƙe. Ban ko yi ciniki ba.

Ranar da na fara sa shi, Danladi, abokina tun firamare wanda muka kafa ƙungiyar tare, ya tsuguna ya kama dunduniyar ya girgiza.

"Sani, ƙafarka na yawo a ciki fa. Wannan na wasan tsakar gida ne, ba na gangara ba."

Na ce, "Kai da ba ka cire naka ka yi alwala, ina za ka san wahalar?"

Danladi Kirista ne. Ya dube ni, ya ce, "To, shi ke nan," ya miƙe. A lokacin ma na san abin da na yi. Salla na ɗauko na toshe masa baki da ita, alhali lalacina ne kawai.

Asabar ta uku, muna gangarowa da gudu, na karkata zan sha kwana. Takalmin ya bi titi, ƙafar ta juya a cikinsa. Na ji ƙas, sai ga ni a ƙasa.

Danladi ne ya ciccibe ni. A mota na roƙe shi, in an tambaya ya ce keke ne ya buge ni. Bai ce to ba, bai kuma tona ni ba.

Na ƙi asibiti, don ina gudun tambaya. Aka kai ni wurin mai ɗori a unguwarmu, Limawa, ya ja ƙafar har na kira sunan mahaifiyata, ya ɗaure ta tamau da karare.

Kwana tara ina gida. Ƙafar ta kumbura, yatsun suka fara baƙi, zazzaɓi ya sauko, ɗakin ya soma wari. Matata ta tsaya a kaina.

"Baban Nusaiba, ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira Inna yanzu ta zo ta gani da idonta."

Na tashi.

Aka yanki kati, aka ɗauki hoton ƙafar, aka ɗebi jini. Likitar ta ɗaga hoton ta ce ƙashi biyu ne suka karye a idon sawu, ɗaurin kuma ya hana jini wucewa.

"Da ka ƙara kwana biyu, maganar yankewa za mu yi. Yanzu ma ban yi maka alkawari ba." Na ce mata keke ne ya buge ni, sai ta duba jikina sama da ƙasa. "Wane irin keke ne zai murɗe ƙafa haka, bai ƙuje ka ko'ina ba?"

Na faɗa mata gaskiya, a gaban matata. Matata ta dai gyara mayafi ta fita sayen magani. Da ma zagi na ta yi, da ya fi min sauƙi.

Mako biyu ana wankin ciwo kowace safiya, ana ƙarin ruwa da allurai. Kullum abin da nake fara yi in na farka shi ne in yaye zane in ga ko yatsuna sun ƙara baƙi. Na ji tsoro, na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Da kumburin ya sauka aka yi tiyata, aka sa ƙarfe. Babur ɗina ya tafi a kuɗin aikin. Daga nan sai sanduna, sai gashin ƙashi wata uku, ƙaton mutum ana koya masa taka ƙasa.

Alhamdulillahi, ƙafata tana jikina, ina tafiya ba sanda. Sai dai idon sawun ba ya lanƙwasuwa kamar da, har yau a kan kujera nake salla a sahun baya, tare da dattawa.

Ina gode wa Allah, da likitar nan da ma'aikatan jinya da suka jure raki na, da matata da ta ɗauki fo ba ta taɓa yi min gori ba.

Masu takalmin taya, kafin ku saya ku sa shi ku ɗaga dunduniya. In ta motsa a ciki, ku ajiye shi komai sauƙin sawarsa. Wanda ya karye ya fara zuwa a ɗauki hoto. In yatsu suka canja launi ko suka yi sanyi bayan ɗori, a kwance a tafi asibiti a ranar.

Masu keke, ku yafe min.

Danladi kuwa kullum sai ya zo asibiti da kwanon abinci daga gidansa, har aka sallame ni bai taɓa ce min "ai na faɗa maka" ba. Ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, na kasa haɗa ido da shi in faɗa. A gaban mutane na yi maka rashin kunyar, Danladi, shi ya sa na zo nan in ba ka haƙuri. Kai ne da gaskiya, ka yafe min.